Haya da Wariya a Abijan: Abin da Doka Ta Sauya

Wariyar gidaje, wato hana mutum zama a wata unguwa ko hana shi haya saboda launinsa, ƙabilarsa ko addininsa, tsohuwar cuta ce a Abijan, domin da ita aka zana taswirar birnin tun kafin ya karɓi matsayin babban birnin Kwaddibuwa a 1934. Turawan Faransa sun keɓe wa kansu tudun Filato, suka tura 'yan ƙasa da baƙin Afirka zuwa Ajame ta arewa, inda barikin soja na Galiyeni ya tsaya tsakani kamar katanga, da kuma Tireshbil ta kudu, wadda ruwan Ebiriye ya raba da unguwar Turawa. A waɗannan unguwanni biyu fataken Hausawa da sauran 'yan ci-rani suka saba sauka, galibi a gidajen haya masu tsakar gida ɗaya, inda iyalai da dama ke tarayya a famfo da makewayi.

Gyara ya faro a 1946, shekarar da aka soke dokar Indijena, wadda ta ba jami'in mulkin mallaka ikon hukunta baƙar fata ba tare da shari'a ba, aka kuma zartar da dokar Lamin Gey da ta mai da talakawan mulkin mallaka 'yan ƙasar Faransa.  Tsarin mulkin Kwaddibuwa na 2016 ya hana a fifita wani ko a ware shi saboda ƙabila, launi ko addini.

Sai dai da katangar launi ta faɗi, ta kuɗi ce ta maye gurbinta, domin mai gida da ba ya son baƙo ba ya buƙatar furta haka. Ya isa ya nemi kafin alƙalami na watanni masu yawa, baƙon da ya sauka a tashar mota da ƙullin kayansa ya juya da kansa. Dokar haya ta 2018 ta rage wannan dabara ƙarfi, inda ta taƙaita kafin alƙalami ga hayar wata biyu, kuɗin ajiya ma wata biyu, kodayake ƙarancin ɗakuna na sa mutane da yawa biyan abin da ya zarce haka baki alaikum.

Saboda haka duk mai neman ɗaki a Ajame ko Tireshbil ya nemi yarjejeniya a rubuce, kada kuma ya miƙa ko sisi sai an ba shi rasit.