Sikeli Ba Ya Auna Ƙarfi

Tun da 'yan bindiga suka raba mutanen Sabon Birni da Isa da gonakinsu, samari da yawa sun koma neman aikin ƙarfi: gadi, dako, lodin mota, leburanci a wurin gini. Ni ma'aikacin lafiya ne, ta hannuna takardun shaidar lafiyar wasunsu ke bi. Abin da ke damuna shi ne masu zuwa da sharaɗi a baki, wai an ce sai wanda ya kai kilo kaza za a ɗauka.

Yaron da ya gudo daga Gatawa ko Bafarawa, ya daɗe yana cin abinci sau ɗaya a yini, ina zai samo kilo? Sai ya nufi kemis ya sayi sha-ka-fashe, wadda sau da yawa ƙwayar dexamethasone ce. Kumatu su ciko, tumbi ya fito, sikeli ya hau, kowa ya ce ya yi jiki. Ruwa ne da kitse kawai. Tsokar da zai ɗaga kaya da ita kuwa, ƙwayar cinye ta take yi, ta bar shi da hawan jini, ciwon suga ko gyambon ciki. Wanda ya jima yana sha kuma kada ya yanke rana ɗaya, akwai haɗari. Ya zo asibiti a rage masa sannu a hankali.

Mai ɗaukar aiki na da damar tabbatar da cewa za ka iya, ban musa ba. Ko 'yan sanda suna neman tsayin mita 1.67 ga namiji, 1.64 ga mace. Amma in dako ne, a ba mutum kaya ya ɗaga a gani. Na sha ganin siriri mai jimiri, na ga ƙato mai haki kafin ya haye benci.

Kai ma kana da naka haƙƙin. Sashe na 8 na Dokar Ƙwadago ya ce likita ya duba ma'aikaci, kuɗin kuma mai ɗaukar aiki ne zai biya. Sashe na 7 ya wajabta a ba ka sharuɗɗan aikinka a rubuce cikin wata uku. Idan an ce ka rame ko ka yi ƙiba an sallame ka, sashe na 11 ya tanadi wa'adi: mako ɗaya ga wanda ya haura wata uku, har zuwa wata guda ga mai shekara biyar. Dokar ba ta ambaci nauyin jiki ba, amma tun gyaran tsarin mulki na 2010 Kotun Ma'aikata ke sauraren ƙarar wariya a wurin aiki, tana kuma zama a Sakkwato.

Nauyin da ya kamata a auna ma na kayan ne. A 1967 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ba da shawarar kada namiji baligi ya ɗauki fiye da kilo 55 shi kaɗai. Buhun siminti kilo 50 ne, buhun gero kuwa yakan kai 100, haka 'yan dakonmu ke saɓa shi, daga baya su zo mana da ciwon baya da ƙaba.

Sarakunan kasuwa da shugabannin 'yan dako, don Allah ku sa babban buhu ya zama ɗaukar mutum biyu. Masu kemis kuma ku daina sayar da ƙwayar nan ba tare da takardar likita ba.