Aswaki Da Ruɓewar Haƙori

Bismillahir Rahmanir Rahim. 

A makarantarmu ta nan Gwadangaji akwai wani yaro mai kaifin hadda wanda ya yi mako biyu bai zo karatu ba. Da na bincika sai na tarar kuncinsa ya kumbura, ko tuwo ba ya iya taunawa. Iyayensa sun ce tsutsa ce ta shiga haƙorinsa. Wannan ne dalilin darasinmu na yau.

To, babu wata tsutsa. Likitoci sun tabbatar cewa ƙwayoyin cuta ne da ido ba ya gani suke zaune a cikin daskararren dattin da ke manne wa haƙori. Idan suka sami sukari, na alewa ko lemon kwalba ko shayi mai zaƙi, sai su mayar da shi ruwa mai tsami, shi kuwa ya yi ta cin ɓawon haƙori har ya huda rami. Yawan lasar zaƙi a kai a kai ya fi shansa sau ɗaya ɓarna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2022 cewa mutane wajen biliyan 2 ke fama da wannan ciwo a haƙoransu na girma.

Musulunci kuwa tuni ya riga ya shiryar da mu. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa ba domin gudun tsananta wa al'umma ba, da Annabi, sallallahu alaihi wa sallama, ya umurce mu da aswaki a kowace salla. A mazhabar Malikiyya mustahabbi ne wajen alwala, kuma Risala ta Ibn Abi Zaid ta halatta shi ga mai azumi dukan yini. Ni da nake koyar da Larabci na san wani abu kuma: harufa irin su sa'un mai ɗigo uku, da zalun, da fa'un, ba su fita daidai sai da haƙoran gaba. Wanda ya yi sakaci da haƙorinsa, ya taɓa karatunsa na Alƙur'ani.

Saboda haka a riƙe aswaki, na arak ko na dogon yaro, a haɗa da buroshi da man goge baki mai fulorayid safe da dare, musamman kafin barci. A rage wa yara alewa, a sa su kurkure baki bayan cin abinci. Idan rami ya bayyana, kada a tura masa ƙwayar magani ko garin taba. A tafi wurin likitan haƙori a Birnin Kebbi tun ana iya cike shi. Jinkiri shi ke kai mutum ga ƙurji da cirewa.

Yaron nan ya dawo karatu, amma da giɓi. Jiki amana ne, kuma za a tambaye mu game da 'ya'yanmu. Allah ya sa mu dace, amin.