Teburi Mai Kogi a Tsakiya

Tambaya: Ni kafinta ne a Sharaɗa. Wani mai kamfani a Bompai yana son teburin nan da ake zuba wa gam mai shuɗi a tsakiya kamar kogi. Ta ina zan fara?

Amsa: Malam, fara da katako, don a nan ake tafka asara. Je Na'ibawa ka zaɓi falankin maɗaci mai kaurin inci 2 wanda ya bushe ƙayau. Ɗanye kam, hunturu na shigowa zai kantare ya rabu da gam ɗin. Tsaga busasshen falankin biyu, gefen ɓawo ya kalli juna, ka kankare ɓawon tas, ka fara shafa gam ɗin, wato epoxy, kaɗan a gefen don kada katakon ya riƙa fitar da kumfa.

Akwatin da za ka jera falankin a ciki ka yi zubin, ka liƙe shi da salatif. Auna haɗin gam ɗin yadda aka rubuta a jikin galan, ban da kintace. Epoxy na ɗaukar zafi wajen daskarewa, ga kuma ranar Kano, saboda haka zuba kaɗan-kaɗan da yamma, ka rufe saboda ƙura. Sa safar hannu, ka buɗe tagogi.

Gam ɗin da tsada. Karɓi kafin alƙalami tukuna.