Ɗalibin Shari'a, Kada Ka Bar Faransanci a Baya

Ɗalibai da yawa masu burin aiki a Kotun Duniya da ke Hague suna zuba ƙarfinsu duka a kan Turanci, su yi watsi da Faransanci. Asara ce babba. Da harsunan nan biyu kotun take aiki, haka ma Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya. Idan takardunku sun zo ɗaya da wani, mai harshe biyu ya fi ka kusa da kujerar.

Fara koyon Faransanci tun kana jami'a, ko da rabin awa ce kullum. Ɗan Nijar kuwa, Turanci zai matsa wa lamba.

Kada ka raina na kusa da kai. Kotun ECOWAS tana Abuja. Nemi hukuncinta na 2008 a ƙarar Hadijatou Mani kan bauta a Nijar, ka karanta shi da biro a hannu, kana lura da yadda alƙalai suka ɗora hujja kan yarjejeniyoyin ƙasa da ƙasa. Idan jami'arku na shiga gasar Jessup ta kwaikwayon zaman kotu, shiga.

Idan lokacin neman aiki ya zo, ka sani Majalisar Ɗinkin Duniya ba ta karɓar ko kwabo daga mai neman aiki. Wanda ya ce ka turo kuɗin fom, ɗan damfara ne.