Idan Su Baba Za Su Zo Oslo Cikin Sanyi

Kafin maganar biza, kafin kuɗin jirgi, ka fara tsayar da watan da za su zo. Mutanenmu da ke zaune a Norwe sun fi son kawo iyaye a Disamba, saboda lokacin ne ake samun hutun aiki, yara kuma suna gida. Ni ban ba da wannan shawarar ba. A Oslo, ranar 21 ga Disamba, rana ba ta fitowa sai wajen tara da kwata na safe, kafin uku da kwata na yamma kuma ta faɗi. Hasken yini duka bai cika awa shida ba, shi ma sau da yawa a bayan gajimare yake. Azahar da La'asar da Magariba duk suna cunkushe cikin kusan awa uku, dattijon da ya saba ƙailula bayan Azahar zai farka ya tarar La'asar ta kusa fita. Ƙarshen Fabrairu zuwa tsakiyar Maris ya fi: dusar ƙanƙara na nan jibge a kan tuddai, yini ya kai awa goma ko fiye, rana kuma ta fara ɗumi a fuska. A 'yan shekarun nan azumi ma cikin waɗannan watanni yake faɗowa, tsawonsa kuma bai yi nisa da na gida ba.

Takardu ba su da wani sirri, sai haƙuri. Norwe ba ta cikin Tarayyar Turai amma tana cikin yankin Shengen, saboda haka bizar ziyara kwana 90 ce cikin kowane kwana 180, ana kuma iya nema tun saura wata shida. Akwai wani izini dabam da hukumar shige da fice ta ƙasar, UDI, ke ba iyayen da za su zauna wurin ɗansu har wata tara, sai dai sharuɗɗansa sun fi nauyi. Inshorar lafiya dole ce, mafi ƙarancinta ta Yuro 30,000. A nan nake so ka zauna ka karanta takardar da kanka, kada ka bar wa mai sayar da tikiti. Yawancin inshorar tafiya ba ta biyan ciwon da mutum ya zo da shi daga gida, hawan jini ko ciwon suga, wasu kuma sun cire raunin da aka ji a wasannin ƙanƙara. Baƙon da ba mazaunin ƙasar ba shi ke biyan kuɗin asibiti, asibitin Norwe kuwa ba arha ba. Su taho da maganinsu a cikin kwalinsa na asali, tare da takardar likita, a jakar hannu.

Jakar tsaraba ita ce wurin rigima. Hajiya za ta so ta kawo kilishi da dambun nama da man shanu, don ta san abin da kake kewa ke nan. Ka gaya mata tun da wuri, cikin ladabi, cewa an hana shigo da nama da duk abin da aka yi da madara daga ƙasashen da ke wajen yankin Turai, za a karɓe a filin jirgin Gardermoen, wahalarta ta tafi a banza. Abin da ya kamata ta ware wa wuri shi ne buta, da huffi idan suna da shi, da man kaɗe mai yawa. Na'urar ɗumama ɗaki tana busar da iska ƙwarai, leɓe ya tsage, diddige ya yi faso cikin 'yan kwanaki. Kayan sanyi kuwa kada su saya a gida. Abin da ake sayarwa a Kantin Kwari da sunan rigar sanyi an yi shi ne don sanyin Janairun Kano. Ka tanadi naka a nan, ka tafi da su filin jirgi a hannu: babbar riga mai kauri, hula mai rufe kunne, safar hannu, takalmi mai tudun ƙasa. Su sa tun kafin ƙofar waje ta buɗe. Shagunan gwanjo na Fretex suna da kaya masu kyau a farashi mai sauƙi. Ƙa'idar sutura ɗaya ce: ulu ne zai taɓa fata, ba auduga ba, don auduga tana riƙe gumi ta huce a jiki. Baba zai iya ɗora kaftaninsa a kan dogon wandon ulu, babu mai ganewa, shi ma hankalinsa ya kwanta cewa bai fita a shigar yara ba.

Na yi firamare a garin nan, lokacin da mahaifina ke karatu a jami'a, kafin mu koma gida, kafin aiki ya sake dawo da ni. Abin da ya fi zama a raina daga wancan zamanin shi ne ranar da makaranta ke rufe aji ta kwashe mu zuwa daji da allunan zamiya. Ana shafa wa ƙasan allon wani irin kaki don ya kama ƙanƙara idan za ka hau tudu, kowane yanayi da launinsa: kore idan sanyi ya yi tsanani, shuɗi a sanyi na yau da kullum, ja idan ƙanƙara ta fara laushi. Idan ta narke ta sake daskarewa sai a koma wani mai danƙo da ke cikin bututu, wanda idan ya taɓa safar hannunka ta gama yawo, ya bi ka har gashin kai. Ana koya mana hawan tudu da buɗe bakin allunan gefe da gefe, da sauka da haɗe bakinsu wuri guda don rage gudu. Mu faɗi, mu tashi, mu sake faɗuwa, ba mai kuka sai wanda ƙanƙara ta shiga masa wuya. Da rana a zauna a kan 'yar tabarmar soso, kowa ya fito da lemon zaƙi da cakulan Kvikk Lunsj, wanda kamfanin Freia ke yi tun 1937, har yau kuma shi ne guzurin masu shiga daji. 'Yan ajinmu koko ne a fulas ɗinsu. Nawa kunun gyaɗa ne, don Inna ba ta yarda ruwan cakulan zai riƙe cikin yaro a wannan sanyi ba.

Duk wanda ya yi irin wannan yarinta, ko ya ga 'ya'yansa suna yin ta, zai ji yana ɗokin ya kai iyayensa su ɗanɗana. To, a yi hattara. Yaro ɗan shekara bakwai kusa yake da ƙasa, ƙashinsa ɗanye ne, faɗuwa goma ba ta hana shi cin abincin dare. Dattijo mai shekara saba'in faɗuwa ɗaya ta isa ta karya masa ƙugu ko wuyan hannu, ziyarar wata biyu ta koma jinya. Ban ga dalilin ɗora wa wanda bai taɓa yi ba allunan zamiya a waɗannan shekarun ba, ko da ya nuna sha'awa don ya faranta wa jikoki. Iyayena ma da suka san ƙasar tun da ƙuruciyarsu, kallo suke zuwa yi yanzu. Haɗarin ma ya fi yawa a bakin ƙofar gida da tashar bas fiye da cikin daji, wurin da ƙanƙara ta narke da rana ta daskare da dare, ta koma santsi kamar an zubar da miyar kuɓewa a kan siminti, ga shi ido ba ya ganinta. Maganinta wasu ƙusoshi ne a jikin roba da ake ɗaurawa a ƙasan takalmi, sunansu brodder, ana samunsu a kantin magani. Ka saya wa kowannensu tun kafin su sauka. A cire su idan an shiga kanti ko tasha, don a kan tayil su ma zamewa suke yi. Ka maƙala musu abin ƙyalli a hannun riga saboda direbobi su hango su da duhu.

Kallon kuwa Oslo ta sauƙaƙa shi fiye da kowane babban birni da na sani, domin jirgin ƙasa na cikin gari yana kai mutum har bakin daji. Layi na 1 yana tashi daga tsakiyar birni ya yi ta hawa, kimanin minti 40, har tashar ƙarshe ta Frognerseteren, mita 469 sama da teku. Wanda ya kai shekara 67 yana da rangwamen tikiti, sai ya riƙe fasfo. Tafiyar kanta abin kallo ce: yara ƙanana da alluna a kafaɗa, tsofaffi masu furfura da sanduna, birni da bakin teku suna ƙara yin ƙasa ta taga. A wannan layin ne aka ɗauki hoton Sarki Olav na Biyar a 1973, lokacin ƙarancin man fetur da aka hana tuƙa mota a ƙarshen mako, yana zaune cikin talakawa da kayan zamiyarsa yana miƙa kuɗin tikiti. Ka ba Baba wannan labarin a cikin jirgin, zai yi ta maimaita shi a majalisa bayan ya koma. Ka tuna can sama ya fi cikin gari sanyi sosai, a ƙara riga ɗaya.

Daga tashar akwai 'yar gangara zuwa wani tsohon gidan abinci na gungumen katako, mai murhu da tagogi masu kallon birni, wanda ya yi suna da kek ɗin tuffa. Nan ne mazaunin dattawa. Ka riƙe hannun Hajiya a gangaren, ka samo musu kujera kusa da wuta, a kawo shayi. Kusa da nan ne hanyar sulu ta Korketrekkeren take farawa, tsawon kilomita biyu, ana hayar abin sulun da hular kwano a wurin, a gangara har tashar Midtstuen, a hau jirgi a dawo sama. Jikoki su yi ta yi, kakanni su gan su suna shigowa da jajayen kumatu. A irin waɗannan wurare ka tambaya kafin ka saya: tsiran-alade da miyar wake galibi da naman alade ake yin su, abin sha mai zafi da ake kira gløgg kuma wani akwai giya a ciki. Wainar fulawa da cukui mai ruwan ƙasa, wadda mutanen ƙasar ke ji da ita, ba ta da matsala.

Holmenkollen tana kan layin, tashoshi kaɗan kafin ƙarshe. Tun 1892 ake gasar tsalle da allunan zamiya a wurin, hasumiyar ƙarfen da ke tsaye yanzu kuma an gama ta a 2010 don gasar duniya ta 2011. Daga tasha zuwa gindinta hawa ne mai ɗan tsawo, masu ciwon gwiwa gara a kai su da tasi. Akwai lif zuwa ƙololuwa, ba sai an taka matakala ba. A ƙasa akwai gidan tarihin zamiya da aka kafa a 1923, inda aka ajiye kayan Fridtjof Nansen, wanda ya ratsa Girinlan a kan alluna a 1888, da na Roald Amundsen, wanda ya isa ƙuryar kudancin duniya a Disamban 1911. Idan ziyarar ta faɗo kan bikin gasar da ake yi a Maris, ni dai a talabijin zan nuna musu. Cunkoson ya yi yawa, tsayuwar awa da awa ce a kan ƙanƙara, matasa kuma sukan sha su yi tatul a gefen hanya.

Ranar da suke son taka ƙasa da ƙafarsu, layi na 5 yana ƙarewa a tafkin Sognsvann. Hanyar da ta kewaye shi ta ɗan haura kilomita uku, kusan shimfiɗaɗɗiya ce, ba dole a gama ta ba. Abu ɗaya za ka ja musu kunne a kai: kada su taka layukan nan biyu da aka tsaga a cikin ƙanƙara don masu alluna. Mutanen nan masu kawaici ne, amma a kan wannan suna magana. Abin da zai ba su Baba mamaki shi ne, wanda ya wuce su a matakalar gida bai ce uffan ba, a daji shi zai fara gaishe su.

Rashin gaisuwar nan ba ƙaramin abu ba ne. Sanyi ana maganinsa da ulu, amma dattijon da ya saba a yi masa sallama sau ashirin kafin hantsi, ka fita aiki ka bar shi a ɗaki mai shiru a hawa na huɗu, zai fara tambayar ranar komawa tun mako bai cika ba. Ka ɗauki hutu a makon farko, lokacin ne suka fi buƙatarka. Ka kai Baba sallar Juma'a a unguwar Grønland, inda masallatai da mahautan halal da kantunan kayan Afirka suke, ka haɗa shi da wani dattijon da zai riƙa kira. Ka sa musu layin waya mai intanet tun ranar farko don Hajiya ta ci gaba da jin labarin biki da suna. Manyan kantuna a rufe suke ranar Lahadi, cefane ranar Asabar ne. Kuɗin takarda kusan ba a amfani da su, kati ne ko'ina.

Sai turaren wuta. Kowane gida a nan yana da na'urar jin hayaƙi a silin, a gidajen bene kuma sau da yawa a haɗe take da ta maƙwabta, ƙwaya ɗaya a kasko ta isa ta fito da mutanen bene duka waje cikin rigar barci. Gawayi kuwa kada a kunna shi a ɗaki ko kaɗan, don tagogin ba sa shigar da iska, hayaƙinsa marar wari yana kisa. Ka saya mata humra da turaren fesawa, ka nuna mata yadda ake ƙara zafin ɗaki da na daɓen banɗaki. Ka rubuta lambobi biyu da manyan baƙaƙe ka manna a jikin firij, tare da adireshin gidan yadda za su iya karanta wa mai amsa waya: 116 117 don likitan gaggawa idan abin bai kai ga rai ba, 113 don motar asibiti.