Amsar Tambaya: Waɗanne Manhajoji Maniyyaci Ke Buƙata a Wayarsa?

Manhajar da ta fi muhimmanci ga maniyyacin da zai tashi daga Gaya ko Ajingi zuwa Saudiyya ita ce Nusuk, ta Ma'aikatar Hajji da Umara ta ƙasar. Ta nan ake neman izinin shiga Rauda a Masallacin Annabi (SAW) da ke Madina, kuma wanda bai samu ba, askarawa kan mayar da shi daga bakin layi. Rajistarta na buƙatar bayanan fasfo da na biza, don haka gara a kammala ta tun a gida, kafin a kama hanyar Wudil zuwa filin jirgin Malam Aminu Kano.

Sai Google Maps. Ana iya sauke taswirar Makka da Madina, ta yi aiki ko babu data. Amfaninta ya fi fitowa a Mina, inda tantuna duk farare ne iri ɗaya, kuma nan ne alhazai suka fi ɓata bayan jifa. Da zarar an isa, a sa alamar tanti da ta masauki.

Google Translate na fassara tsakanin Hausa da Larabci. Fassarar ba ta cika ba, amma ta isa ciniki ko tambayar hanya. Careem da Uber kuwa, manhajojin kiran motar haya, suna nuna kuɗin mota tun kafin a hau.

Dattijon da bai saba da babbar waya ba, haƙƙin 'ya'yansa ne su saka masa waɗannan, su koya masa, su kuma rubuta masa lambar jami'in alhazan ƙaramar hukumarsa a takarda, domin caji kan ƙare.