Darasi na Huɗu: Mahaɗar Muƙamuƙi da Matsayinta a Furuci

4.1 Ƙirar Mahaɗar

Muƙamuƙin ƙasa shi ne ƙashin da ke ɗauke da haƙoran ƙasa, kuma motsinsa ke buɗe baki da rufe shi. Yana da kawuna 2 mulmulallu, dama da hagu, kowanne ya zauna cikin wani gurbi na ƙoƙon kai, daf da gaban kunne. Tsakanin kan ƙashin da gurbinsa akwai faifan guringuntsi mai hana gogayya. Idan za a buɗe baki, kan ƙashin yakan fara juyawa, sannan ya zame gaba. Da wannan motsi ake samar da wasalin ƙasa /a/, saɓanin wasulan sama /i/ da /u/ waɗanda ba sa bukatar buɗe baki sosai.

4.2 Karaya da Illolinta

Wuyan da ke riƙe da kan ƙashin siriri ne, don haka faɗuwa a kan haɓa takan karya shi. Alamomin karayar sun haɗa da ciwo a gaban kunne, da karkacewar baki yayin buɗewa, da rashin daidaituwar haƙora. A wajen yara abin ya fi haɗari, domin daga nan muƙamuƙi ke girma. In an yi sakaci, mahaɗar na iya manne wa ƙoƙon kai, bakin ya ƙi buɗuwa. Saboda haka ɗalibin da furucinsa ya sauya bayan faɗuwa asibiti yake bukata, ba tsawa ba.

4.3 Auna Fahimta

Bayyana dangantakar mahaɗar muƙamuƙi da furucin wasalin /a/.